Atisaye a kan 'yar tsana a ɗakin haihuwa: amsa ga wata ungozoma a Agege

Wata ungozoma da ke shugabantar ɗakin haihuwa a wani ƙaramin asibitin kuɗi a Agege ta aiko da wannan tambaya: "Assalamu alaikum, Likita. Shekarata 19 ina karɓar haihuwa, 11 daga ciki a nan Legas. Mai asibitinmu ya dawo daga wani taro yana ta zancen horon kwaikwayo, wai za a riƙa kwantar da mutum-mutumin roba mu taru a kansa muna yi kamar mace ce jini ya ɓalle mata. Har yana maganar sayo na'ura mai tsada daga waje. Mu da kullum hannunmu ke cikin jinin gaske, me roba za ta koya mana? In ma da amfani, dole sai an kashe wannan kuɗin?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Sannu da aiki, Allah ya ba da lada.

Bari in fara ba ki gaskiyarki. Roba ba za ta koya miki murza mahaifa ba, ba za ta koya miki gane mabiyiyar da ta fito da giɓi ba. Hannun da ya shekara 19 yana wannan aiki ya wuce nan. Ni likitan sa barci ne a ɗakin tiyata, kuma ranar da aka fara kira na irin wannan horo na tafi ne ina ƙunƙuni kamar yadda kike yi yanzu. Sai dai abin da ake gwadawa a atisayen ba hannunki ba ne ke kaɗai. Ana so a ga me zai faru in ke da mutum huɗu ko biyar kuka taru kan mace ɗaya da ƙarfe biyun dare, kowa ya iya aikinsa, amma ba ku taɓa zama kun tsara wa zai yi me ba.

Atisayen farko da na shirya da kaina, a wani asibiti ne a nan Legas da ba zan kama sunansa ba. Ba mu da mutum-mutumi. Wata ɗalibar jinya muka kwantar a gadon haihuwa, ta ɗaura zani a kan kayanta, muka cusa mata matashi a ciki, muka ɓoye ledar ƙarin ruwa cike da zoɓo a ƙarƙashinta, tana matsawa a hankali. Na tsaya a lungu da agogo da takarda. Ungozoma ta shigo, ta ga ja, ta ɗaga murya, mutane suka shigo a guje. Har nan babu laifi. Daga nan sai na ga mutum uku sun duƙufa a kan hannu ɗaya suna neman jijiya, cikin kuwa ba mai taɓa shi. Likita ya ce, "Wani ya kira ɗakin gwajin jini!" Kowa ya ji, ba wanda ya kira, domin kowa ya ɗauka da na kusa da shi ake. Aka nemi oksitosin, allurar da ke sa mahaifa ta tsuke jini ya tsaya. Yana cikin firiji, kamar yadda ya kamata tunda zafi na kashe ƙarfinsa, amma firijin yana ofishin shugabar ma'aikatan jinya, ofishin a kulle, makullin yana jakarta, ita kuma ta hau sama wajen taro. Aka gunguro tukunyar oksijin, sifanar buɗe ta ta yi ɓatan dabo. Minti tara cif kafin allurar farko ta shiga. Mutanen da ke ɗakin nan, in aka haɗa shekarun aikinsu sun haura sittin, kuma ko ɗaya daga cikinsu bai yi abin da za a kira jahilci ba. Zoɓo ne ya zube a ranar, shi ya sa muka iya yin dariya daga baya.

Wannan salon horo daga masu tuƙa jirgin sama muka aro shi. A 1977, a tsibirin Tenerife, manyan jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo, mutum 583 suka mutu. Matuƙin da ya taso ba tare da cikakken izini ba shi ne shugaban horar da matuƙa irin wannan jirgi a kamfaninsa. Injiniyan da ke zaune bayansa ya yi tambaya ko ɗaya jirgin ya bar titin, babban ya amsa da ƙarfin gwiwa cewa ya bari, ƙaramin ya yi shiru. Bayan wannan da wasu haɗurra masu kama da shi, kamfanonin jirage suka fara horar da ma'aikatansu yadda za su yi magana da juna, su raba aiki, ƙarami ya iya taka wa babba birki. A ƙarshen shekarun 1980 wani likitan sa barci a Jami'ar Stanford ta Amurka, David Gaba, ya ɗauko tsarin ya shigo da shi ɗakin tiyata, da mutum-mutumi a madadin jirgi.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai kuwa na wata mata ce a Ingila, Elaine Bromiley, mai shekara 37 da 'ya'ya biyu. A 2005 ta je a yi mata ƙaramin aiki a hanci. Da aka sa ta barci sai bututun numfashi ya ƙi shiga maƙogwaronta. Manyan likitoci uku suka taru suna ta gwadawa, suna sake gwadawa, wajen minti ashirin, iskar jininta tana ƙasa ƙwarai. Ma'aikatan jinya sun gane inda aka dosa. Ɗaya ta ɗauko kayan huda maƙogwaro ta kawo ɗakin, wata ta kira sashen kulawa ta musamman ta tanadi gado. Sun faɗa, amma ba da muryar da za ta ratsa kunnen mutumin da hankalinsa ya tattara kan abu ɗaya ba, sai maganar ta bi iska. Matar ta rasu bayan kwana 13. Mijinta, Martin Bromiley, matuƙin jirgi ne, shi ya dage a bincika, ba don a hukunta kowa ba, don a koya. Kayan aiki ba su yi ƙaranci a ɗakin ba, ilimi ma haka.

To, Hajiya, in haka ta faru a ƙasar da ƙaramar ma'aikaciya ke kiran babban likita da sunansa na yanka, ina ga mu? Mun taso an hore mu ba a katse babba. Abokan aikinmu Yarabawa ma ba a bar su a baya ba wajen girmama na gaba, har sun fi mu rusunawa. A asibiti kuma an ɗora wani tsanin a kan na gida: ɗaliba na tsoron sista, sista na tsoron shugabarta, ƙaramin likita ba ya iya cewa "Cif, ka yi kuskure." Tarbiyya ce mai kyau a zaure, amma a bakin gadon mace mai zubar jini tana iya cin rai. Kuma wa'azi ba ya gyara ta. Ko sau ɗari kika ce wa yarinyar da ta fara aiki watan jiya ta riƙa magana in ta ga ba daidai ba, ranar da abin ya zo harshenta zai yi nauyi. Sai ta taɓa furta kalmomin da bakinta, a gaban likitan nan dai, ta ga bai ci ta ba, sannan za su fito ranar gaske. Shi ya sa a atisaye nake roƙon likita tun kafin a fara ya yi kuskure da gangan, misali ya nace yana ɗinkin ƙari alhali mahaifa ta saki tana ta zuba. Muna koya wa ƙananan hawa uku, cikin ladabi. Na farko: "Likita, hankalina bai kwanta ba, cikin nan ya yi laushi." In bai ɗago ba: "Likita, jinin ya wuce lita ɗaya, awonta yana sauka." In har yanzu shiru: "Likita, don Allah a dakata, ran matar nan na cikin haɗari, zan kira babba." Babu rashin kunya a ciki. Likitan ma yana koyon nasa, wato ya ɗago kai ya ce na ji.

Abu na biyu da ake horarwa ya fi wannan sauƙi, kuma shi ya fi saurin nuna amfani, misali wajen ba da taranezamik, maganin rage zubar jini. A daina jefa umarni a iska. Mai jagoranci ya kalli mutum, ya kira sunansa: "Sista wance, sa mata taranezamik giram ɗaya a jijiya, a hankali cikin minti goma." Ita kuma ta maimaita abin da ta ji, in ta gama ta ce an sa, da ƙarfe kaza. Da farko mutane kan ji abin banbarakwai, kamar 'yan sanda a fareti. A Legas kuwa ya fi ko'ina zama dole, domin a ɗaki ɗaya sai ki sami Bayarabiya da Ibo da Bahaushiya da 'yar Binin, ana aiki da Turanci da buroka, ga janareta na ruri a bayan taga. Sha biyar da hamsin a Turanci, a bakin mutumin da ya sa takunkumi, kusan sautinsu ɗaya. Maimaitawa ce ke kama irin wannan. Mai jagoranci kuma, in da hannaye isassu, gara ya koma ƙafar gado ya cire hannunsa daga aiki. Wanda ya sunkuya yana ɗinki ba ya ganin ɗaki.

Akwai wani abu da ba za ki same shi a littattafan Turawa ba, ke kuwa a Agege kullum kina cikinsa. Matanmu na Arewa ba sa kuka a naƙuda. Kunya da dauriya ne, musamman a haihuwar fari. Ungozomar da ta saba da mace mai ihu tana kiran sunan mijinta, in ta ga tamu kwance shiru sai ta ɗauka lafiya lau, ta wuce gado na gaba. In ma ta tambaya, amsar ɗaya ce: "Da sauƙi." Ni da ke mun san Bahaushe ko yana gargara da sauƙi zai ce. Abokiyar aikinki daga Ijebu ba ta san haka ba sai an nuna mata. Don haka idan za ku yi atisaye, ki sa mai kwaikwayon majinyaciya ta zama irin matan da kuke karɓa daga Zangon Agege: ba ta jin Turanci, ba ta ƙorafi, sai dai ta ce tana jin jiri ko ƙishirwa, ko ta fara hamma. Ki sa wata ta zama uwar miji da ke bakin ƙofa tana cewa ba za a yi tiyata ba sai ɗanta ya zo, shi kuma yana kasuwar Mile 12, waya ba ta shiga, ga cunkoso a hanya. Wa zai yi tafinta? Wa zai fita ya zauna da tsohuwar ya yi mata bayani ba tare da tsawa ba? Wa zai fara neman masu ba da jini tun kafin a buƙata? In ba a raba waɗannan ayyuka tun da rana tsaka ba, da dare duk kanki za su dawo, ke da ya kamata hannunki yana kan mahaifa, don kawai ke kaɗai ke jin Hausa.

Za ki ce ina hujja. Akwai, kuma zan faɗa miki har inda ba ta yi daɗi ba. A asibitin Southmead da ke Bristol a Ingila, daga shekarar 2000 suka wajabta wa duk ma'aikatan ɗakin haihuwa, likitoci da ungozomomi tare, horon kwana ɗaya a kowace shekara a cikin asibitinsu. Jariran da ake haifa a galabaice, da waɗanda ƙwaƙwalwarsu ke taɓuwa saboda rashin iska, suka ragu da kusan rabi. Wannan shiri shi aka sani yanzu da PROMPT. Amma da aka kai shi asibitoci 12 a Sikotland aka auna, ba a ga wannan ci gaba ba, domin kowane asibiti ya yi shi yadda ya ga dama, wasu sun yanke, wasu ma ba su fara ba. A Tanzaniya, shirin taimaka wa jarirai numfashi a mintin farko, wanda ake koyarwa da 'yar tsana mai arha da jakar hura iska, ya rage mutuwar jarirai a kwanan farko da kashi 47 cikin 100 a asibitoci takwas. A asibitin Haydom na can ƙasar kuma an lura da abin da ya kamata mai asibitinku ya ji: bayan horon kwana ɗaya, ma'aikata sun iya a kan roba, amma aikinsu a kan jariran gaske bai canza ba. Sai da aka ajiye 'yar tsanar a ɗakin haihuwa ana taɓa ta 'yan mintuna akai-akai, sannan mutuwar jarirai cikin awa 24 ta sauko daga kusan 11 zuwa kusan 7 a cikin 1,000.

Na kusa da mu shi ne binciken E-MOTIVE da aka wallafa a 2023, a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kan mata sama da 200,000. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya. An shimfiɗa wa mai haihuwa leda mai ma'auni da ke tara jini, in ya kai iyaka sai a yi komai lokaci ɗaya: murza mahaifa, oksitosin, taranezamik, ƙarin ruwa, duba inda jinin ke fitowa, da kiran na gaba. An haɗa da atisaye a wurin aiki da akwatin kaya da ke shirye kullum. Mummunar zubar jini, ko buɗe ciki saboda ita, ko mutuwa, ta kasance kashi 1.6 cikin 100 a asibitocin da aka bi wannan tsari, a waɗanda ba a bi ba kuwa 4.3. Ba atisaye kaɗai ya kawo wannan ba, ledar ta yi aiki babba, amma ba yadda mutum biyar za su yi abu shida lokaci ɗaya in ba su taɓa gwadawa tare ba. A ƙasar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mata kusan 82,000 sun mutu wajen ciki da haihuwa a 2020, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya, ban ga abin rainawa a nan ba.

Tunda na ambaci ledar awo, ga wani gwaji da za ki yi gobe ba tare da kin nemi izinin kowa ba. Ledar ruwan sha ta fiya-wata guda ɗaya rabin lita ce, daidai iyakar da muke kira zubar jini bayan haihuwa. Ki auna zoɓo leda ɗaya, da leda biyu, da leda uku, ki zuba a zannuwan atamfa daban-daban da auduga da ƙasa, ki kira ma'aikatanki kowa ya rubuta ƙiyasinsa a ɓoye. Za ki sha mamaki. Ido kan rage, kuma gwargwadon yawan jinin gwargwadon ragin. Ni kaina na faɗi wannan jarrabawa.

Batun kuɗi. Mutum-mutumin da ke numfashi yana ƙifta ido yana magana, kuɗinsa dubun-dubatar daloli ne, yana son wuta tsayayya da sanyi da ma'aikacin da zai kula da shi, in wani abu ya lalace kuma sai an jira daga waje. Yana da wurinsa a manyan asibitocin koyarwa irin na Idi-Araba da Ikeja, inda ake horar da masu sa barci a kan abubuwan da ba a gwada su a jikin mutum. Ku ba shi kuke buƙata ba. Na ga irinsa an rufe da ƙyalle a ɗaki mai kwaɗo, sai baƙi sun zo a buɗe. Kamfanin Laerdal na ƙasar Norwe, wanda tun 1960 ya ƙera 'yar tsanar koyon farfaɗo da numfashi, yana da masu sauƙi da aka yi don irin wurarenmu: NeoNatalie, jaririyar da ake cika ta da ruwa, da MamaNatalie, wadda mai koyarwa ke ɗaurawa a cikinta kamar jaka tana sakin jinin da hannunta. Waɗannan sun isa. Ragowar kuɗin a sayi ƙaramin firiji a ajiye cikin ɗakin haihuwa, da akwatin zubar jini, da na jijjiga mai maganiziyam salfet a ciki, da ledojin awo. Kuma a yi atisayen a ɗakinku, da kayanku, da masu aikin wannan rana, har mai shara da mai tura gado da mai gadi da direba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A otal ɗin taro a Ikeja ba za ki taɓa gano cewa gadonku ba ya shiga ƙofar ɗakin tiyata sai an karkata shi ba.

Inda aka fi ɓata abin shi ne zaman da ake yi bayan an gama. Atisayen minti goma ne, zaman bitar ya kamata ya kai ashirin, kuma a nan karatun yake. In aka mai da shi kotu, shugaba ya tsaya yana nuna yatsa yana cewa ke shekara nawa kina aiki ba ki san kaza ba, to an kashe shi, wata mai zuwa kowa zai nemi uzuri. Tun kafin a fara nake gaya musu cewa na ɗauka kowa a nan ya iya aikinsa kuma alheri yake nufi, ba maki za a ba wa kowa ba, abin da ya faru a ɗakin nan kuma ba zai shiga fayil ɗin kowa ba. Waya a aljihu, ba ɗaukar bidiyo a watsa a WhatsApp. Sannan in na ga kuskure ba na ɓoye shi, ba na kuma yin tambayar tarko. Sai in ce, "Na lura minti huɗu sun wuce ba a taɓa cikin ba, abin ya dame ni, me ke ranki a lokacin?" Amsar da ke fitowa takan ba da mamaki. Wata ta ce mini ta ɗauka murza ciki aikin wadda ta karɓi haihuwar ne, shiga ciki raini ne gare ta. Da tsawa na yi mata da ban taɓa jin wannan ba, kuma ashe rabin ɗakin haka suka ɗauka. Ƙananan su fara magana, manya su yi ta ƙarshe, in ba haka ba kowa zai maimaita abin da Cif ya faɗa ne. A tashi da gyara ɗaya ko biyu, da sunan wanda zai yi, da ranar da za a duba.

Kada ki yi shi a ɓoye don ki kama mutane, aƙalla a watannin farko. Ki sanar, ki zaɓi lokacin da ɗaki ya lafa, in mai naƙuda ta gaske ta shigo a tsaya nan take. Magungunan atisaye a yi musu alama a ware su, kada ruwan famfo da aka zuba a kwalba ya koma cikin na gaske. Masu aikin dare su ma a yi da su, domin su ne ba su da kowa a kusa. Kuma da yadda ma'aikata ke ficewa ƙasashen waje yanzu, ga likitocin haya da ke zuwa dare ɗaya su tafi, mutanen da kika horar a watan Janairu ba lalle su ne a ɗakin ba a watan Yuni. Minti talatin duk mako biyu ya fi kwana uku a shekara da takardar shaida da jakar taro.

Ki ce wa mai asibitin kin yarda, amma da sharaɗi biyu: shi ma zai shiga, ba tsayawa zai yi yana kallo ba, kuma abin da atisayen ya tono zai fitar da kuɗin gyara shi. Na farkon ku fara da zubar jini, ke ki riƙe agogo kada ki sa hannu, ki rubuta minti nawa aka ɗauka daga ganin jini zuwa shigar oksitosin. Ki aiko mini da adadin, da inda aka sami makullin firijin.